VPN da Tor Tarkon Gwamnati Ne? An Bar Jaki Ana Dukan Taiki



Yau ba saitin waya za mu koya ba, gardama za mu yi. Akwai wani zance da ya cika guruf-guruf na WhatsApp, kuma duk lokacin da aka yi rubutu a kan VPN sai ka gan shi a ƙasan rubutun: wai duk manhajojin nan na ɓoye kai a intanet, irin su Tor da Signal da VPN, tarko ne gwamnatoci suka ɗana. Wai kana saukewa an sa sunanka a wani littafi. Mai maganar zai rufe da cewa, "Ka goge su kawai, babu wani sirri a waya."

Ɗan uwa, idan kai ma haka ka ɗauka, zauna mu yi magana. Zargin naka yana da tushe, zan ma ba ka hujjojin da suka fi waɗanda ake turo maka ƙarfi. Amma ƙofar da ka tsare ba ta nan ɓarawon yake shigowa ba. Kana tsoron manhajar da ta fi kowacce fitowa fili, alhali wayar da ke hannunka cike take da abubuwan da ke kwasar sirrinka kullum, kuma kai ka ba su izini da yatsanka.

INDA MASU ZARGI SUKA YI GASKIYA

Gwamnatoci sun taɓa ɗana irin wannan tarkon, ba sau ɗaya ba.

Na farko, an taɓa yin wani kamfani a ƙasar Suwizalan mai suna Crypto AG. Injinan kulle saƙonnin sirri yake ƙerawa, yana sayar wa gwamnatoci da sojoji da ofisoshin jakadanci na ƙasashe sama da 120. A watan Fabrairun 2020 jaridar Washington Post da gidan talabijin na ZDF na Jamus suka fallasa cewa a 1970 hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA da takwararta ta Jamus ne suka mallaki kamfanin a ɓoye. An raunana injinan da gangan. Ƙasashe suna biyan kuɗi masu yawa suna sayen kwaɗon da wani yake riƙe da mukullinsa. Iran ta saya, Libiya ta saya, Ajantina ta saya, har Najeriya tana cikin masu sayen.

Na biyu ya fi kusa da mu, don waya ce. Sunanta ANOM. Waya ce da ba ta kira, ba ta komai sai tura saƙo, kuma manhajar saƙon a ɓoye take cikin kalkuleta. Ba a sayar da ita a shago, sai wanda ya san wani ya haɗa ka. Masu safarar ƙwaya da manyan gungun masu laifi na ƙasashe suka yi ta rububinta, suna ganin sun samu mafaka. Ashe tun 2018 hukumar FBI ce ke tafiyar da ita tare da 'yan sandan Ostireliya. Kowane saƙo aka tura, kwafinsa yana zuwa hannun jami'ai. Wayoyi kusan 12,000, saƙonni miliyan 27. A watan Yunin 2021 aka bayyana, aka kama mutum sama da 800.

Na uku, shi kansa Tor. Gaskiya ne dabarar da aka gina shi a kai daga ɗakin binciken rundunar sojan ruwan Amurka ta fito, a tsakiyar shekarun 1990. Gaskiya ne kuma ƙungiyar da ke kula da shi tun 2006 ta daɗe tana samun kaso mafi tsoka na kuɗinta daga gwamnatin Amurka. Wannan ba asiri ba ne da wani ya bankaɗo, su da kansu suke wallafa bayanan kuɗinsu.

To ka ji. Wanda ya ce a yi hattara bai yi hauka ba. Matsalar tana wajen tsalle daga "an taɓa yi" zuwa "duka haka suke".

YAYA TARKON GASKE YAKE KAMA?

Dubi Crypto AG da ANOM da kyau, kamarsu ɗaya. Dukkansu a rufe suke. Babu wanda aka bari ya buɗe cikinsu ya ga yadda suke aiki. Kamfani ɗaya ne yake riƙe da komai. Abin da ka samu kawai shi ne "ka yarda da mu". Ana sayar da su da tsada, ana raɗa maka a kunne cewa na manya ne.

Mu masu gyara mun san wannan. Idan mutum ya ba ka waya ya ce sabuwa ce amma kar ka kuskura ka buɗe bayanta, ka san akwai magana. Wadda aka yarda ka kwance, ka duba fanel, ka gwada batir, ita ce ake iya kama ƙaryarta.

Tor irin ta biyun ce. Rubutun da aka gina manhajar da shi a fili yake, kowa zai iya saukewa ya karanta layi-layi. Tun 2002 yake a waje. Masana a jami'o'in duniya, ciki har da na ƙasashen da ba sa ga maciji da Amurka, sun fi shekara ashirin suna tona shi suna neman aibu, don duk wanda ya gano ɓoyayyar ƙofa a cikinsa ya yi suna ke nan. Suna samun kurakurai, ana sanarwa, ana gyarawa. Ƙofar da aka sa da gangan dai har yau ba a nuna ta ba.

Ga yadda yake aiki a sauƙaƙe. Ka ɗauka wasiƙa za ka aika, sai ka sa ta a ambulan uku, ɗaya cikin ɗaya. Ɗan aike na farko ya san kai ka ba shi, amma bai san inda za ta ƙare ba. Ya cire ambulan ɗaya ya miƙa wa na biyu. Na biyu bai san ka ba, bai san mai karɓa ba, ya san na gabansa da na bayansa kawai. Na uku ya san inda za ta, amma bai san daga wa ta fito ba. 'Yan aiken nan kwamfutoci ne dubbai da masu sa kai suke kunnawa a ƙasashe daban-daban. Shi ya sa alamar Tor albasa ce, ɓawo kan ɓawo.

Za ka ce, to me ya sa sojoji za su ƙera abu irin wannan su saki wa kowa? Amsar tana cikin hankali. Idan jami'an leƙen asirin Amurka kaɗai ke amfani da hanyar, duk wanda aka gani a kanta an san ko shi wanene. Mai son ɓacewa Kantin Kwari yake shiga ana tsakar ciniki, ba ya tsayawa shi kaɗai a filin ƙwallo. Suna buƙatar taron jama'a su ɓuya a ciki, kuma hanyar da aka huda musu ita ma abokan gabarsu za su iya bi ta hudar su kama nasu mutanen.

Sannan a 2013, cikin takardun da Edward Snowden ya fitar, akwai na hukumar NSA da ke ƙorafi a kan Tor. Takardun cikin gida ne, ba a rubuta su don ni da kai mu gani ba. Abin da suka nuna shi ne hukumar ba ta iya gane duk masu amfani da shi, sai 'yan kaɗan, shi ma da wahala.

Kar ka ɗauka ina cewa Tor layar ɓata ce. Yana da rauni. Wanda yake iya kallon inda saƙo ya shiga da inda ya fita a lokaci guda zai iya haɗa lissafi ya gane mutum. A 2013 FBI ta yi amfani da wani kuskure a tsohon Firefox da burauzar Tor ta ginu a kansa ta gano wasu. A 2014 wasu masu bincike na jami'ar Carnegie Mellon sun cusa nasu kwamfutocin cikin hanyar na tsawon watanni, bayanan suka ƙare a hannun FBI. Duk wannan ya faru. Amma ka lura da irin wahalar da suka sha. Mai mukullin gida ba ya fasa taga.

TO YAYA AKE KAMA MUTANE?

Nan ne masu zargi suke kafa hujja: "Ai ga wane an kama shi, kuma Tor yake amfani da shi." Mu duba yadda aka kama su.

Ross Ulbricht, mai kasuwar ƙwaya ta Silk Road da ke ɓoye cikin Tor. A 2011 ya yi tallar kasuwar a wani dandali da sunan bogi. Bayan wasu watanni, da wannan sunan dai, ya rubuta cewa yana neman ma'aikaci, ya ajiye adireshin Gmail mai ɗauke da cikakken sunansa. Wani jami'in haraji ne ya tono wannan da binciken Google. A watan Oktoban 2013 aka cafke shi a wani ɗakin karatu a San Faransisko, aka fizge kwamfutarsa tana buɗe.

Wani ɗalibin jami'ar Harvard kuma, a Disamban 2013, ya aika saƙon ƙarya cewa an dasa bam don ya tsere wa jarabawa. Da Tor ya aika, amma a kan wayfay ɗin makarantar da ya shiga da sunansa. Aka duba su wa suka kunna Tor a makarantar a wannan lokacin, aka je aka tambaye shi, ya amsa laifinsa.

Ka gani? Baki shi kan yanka wuya. Manhaja tana ɓoye hanyar da ka bi, ba ta ɓoye halinka. Ka kunna Tor ka shiga Facebook da sunanka da hotonka, ka yi rawani ne ka rataya katin shaidarka a wuya.

VPN KUMA MAGANARSA DABAN

A nan ne ya kamata zarginka ya yi aiki, amma a nan ne mutanenmu suka fi sakin jiki.

VPN ba 'yan aike uku ba ne, ɗan aike ɗaya ne. Kafin ka kunna shi, kamfanin layinka ne yake ganin shafukan da kake ziyarta. Bayan ka kunna, kamfanin VPN ɗin ne yake gani. Ba ka ɓace ba, amanarka ka ɗauke daga hannu ɗaya ka sa a wani. Tambayar ita ce, hannun wa?

A 2011 wani kamfanin VPN na Ingila mai suna HideMyAss ya miƙa bayanan wani mai kutse bisa umarnin kotu. A 2017 PureVPN, da ke tallar cewa ba ya ajiye bayanan kowa, ya ba FBI bayanan da suka kai ga kama wani. Mutanen masu laifi ne, ba na kare su. Abin lura shi ne alkawarin "ba ma ajiye komai" talla ce, har sai an gwada ta.

Waɗannan ma na kuɗi ne. Na kyauta fa? Facebook ya sayi wata manhajar VPN mai suna Onavo a 2013, yana ba da ita kyauta da sunan kariya, yana amfani da ita wajen ganin manhajojin da mutane suke buɗewa da tsawon lokacin da suke ɗauka. A 2018 aka cire ta daga shagon Apple, a 2019 aka rufe ta. A 2015 aka gano Hola VPN tana sayar da intanet ɗin masu amfani da ita ga wasu, wato baƙo ya bi ta layinka ya yi abin da ya ga dama, sawun ya nuna kai ne. Wani bincike da masanan hukumar CSIRO ta Ostireliya da abokan aikinsu suka yi a kan manhajojin VPN 283 na Android ya gano kashi 18 cikin ɗari ba sa kulle komai sam, kashi 38 kuma akwai alamun mugun abu a cikinsu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kwamfutocin VPN kuɗi suke ci, wuta suke sha. Idan ba ka biya da naira ba, da me kake biya?

Ka tuna lokacin da gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter, daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022. Kowa ya ruga Play Store ya sauke VPN na farko da ya gani. Mutum nawa ne suka tsaya suka duba kamfanin wace ƙasa ce, waye mai shi? Har yau wayoyi suna zuwa teburin gyara da VPN uku, huɗu, mai wayar bai san ma suna ciki ba, shi dai ya ga caji ba ya daɗewa, talla tana faɗo masa ko'ina.

Mafi muni su ne 'yan "burauzin kyauta". Wani da ba ka taɓa gani ba ya turo fayil a Telegram, ka ɗora a manhajar tunel, duk abin da wayarka take aikawa ya bi ta kwamfutarsa. Fayil ɗin ma a kulle yake, ba za ka iya ganin inda yake kai ka ba. A wayar nan kake shiga manhajar banki. Kuma kai ne kake cewa Tor tarko ne! Gudun gara, an faɗa gidan zago.

GWAMNATI BA TA BUƘATAR YI MAKA TARKO

Ga abin da masu saƙon murya ba sa faɗa maka. Hukuma ba ta buƙatar lallaɓa ka ka sauke wata manhaja, don ƙofar gaba a buɗe take.

Tun Disamban 2020 aka ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar NIN. Layinka yana ɗauke da sunanka, hotonka da zanen yatsunka. Duk inda ka je, wayarka tana gaisawa da turken sabis mafi kusa, kamfani ya san unguwar da kake, ko da VPN ko babu. Ka canza layi? Wayar tana da tata lambar ta IMEI, danna *#06# ka gan ta. Sabon layi a tsohuwar waya, sabuwar hula ce a kan fuskar da aka sani.

Sashe na 38 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanonin sadarwa su ajiye bayanan masu layi da na zirga-zirgar sadarwarsu har shekara biyu. A 2019 hukumar NCC ta fitar da ƙa'idojin da suka tsara yadda jami'an tsaro za su saurari sadarwa bisa doka. A 2013 Premium Times ta ba da rahoton kwangilar dala miliyan 40 da aka ba kamfanin Elbit na Isra'ila don sa ido a intanet. A Disamban 2020 cibiyar Citizen Lab ta jami'ar Toronto ta lissafa Najeriya cikin ƙasashe 25 da ta gano alamun suna amfani da kayan kamfanin Circles, wanda da lambar waya kaɗai yake iya gano inda mutum yake, ya saurari kira, ya karanta tes. A ƙarin kasafin kuɗin 2021 an ware wa hukumar leƙen asiri ta NIA naira biliyan 4.87 don kayan sa ido a kan WhatsApp da wayoyin Thuraya. 'Yan uwanmu na Nijar ma tun 2020 aka yi musu dokar da ta ba hukuma damar sauraron sadarwa.

Idan abin ya ƙi gaba ɗaya, a kashe sabis ɗin. Mutanen Zamfara sun gani a Satumban 2021, sannan wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ranar da babu sabis, VPN da Tor duk kwalliya ce.

Yanzu ka auna. Kiran waya na yau da kullum da tes su ne suka fi komai tsiraici. Wanda ya ce ka goge Signal ka koma kira da tes "don kar a kama ka", ya fitar da kai daga ɗaki ya zaunar da kai a bakin titi. A 2016 wata kotu a Amurka ta nemi Signal ya ba da bayanan wasu masu amfani da shi. Abin da aka samu a wurinsa biyu ne: lokacin da aka buɗe asusun, da ranar ƙarshe da aka haɗu da sabis ɗin. Babu saƙo, babu jerin abokai, don bai ajiye ba. Irin gwajin da nake nufi ke nan.

TARKON DA KE ALJIHUNKA

Bari in faɗa maka abin da muke gani da idonmu a wajen aiki. Mutum zai zauna yana ba ka labarin CIA, ka karɓi wayarsa ka tarar da GB WhatsApp. Wa ya ƙera ta? Bai sani ba. Daga ina ya samo? An tura masa ta Xender. WhatsApp na asali tun 2016 yake kulle saƙo daga waya zuwa waya da tsarin Signal, amma kwafin da wani ya buɗe ya yi wa ƙari, babu mai ba ka tabbacin abin da ya cusa. A 2021 kamfanin Kaspersky ya gano mugun shiri mai suna Triada a cikin FMWhatsApp, a 2022 ya sake gano shi a YoWhatsApp. Duk don ka ɓoye alamar ka karanta saƙo, ka ga abin da aka goge.

Ga manhajojin bashi. Ka ba su izinin shiga lambobin wayarka don naira dubu goma, ka yi lattin kwana biyu, su tura wa surukinka da limamin unguwarku saƙon cewa kai ɓarawo ne. Sai da hukumar FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Wace gwamnatin waje ce ta taɓa yi maka irin wannan tonon silili?

Ga Telegram da ake ɗauka ya fi kowa sirri. Hirar yau da kullum da guruf a Telegram ba a kulle suke daga waya zuwa waya ba, sai ka zaɓi hirar sirri da kanka. Kuma a Satumban 2024, bayan an kama mai kamfanin, Pavel Durov, a Faransa, sun sanar cewa za su iya miƙa lambar waya da adireshin intanet na wanda ake zargi idan hukuma ta nema bisa doka.

Ga shafin nan mai duhu na Chrome da ake kira Incognito. Abin da yake yi kawai, ba ya ajiye tarihi a cikin wayarka. Kamfanin layi yana gani, shafin da ka shiga yana gani.

Sannan ga mu, masu gyara. Sana'ata ce, amma gaskiya ɗaya ce. Kana miƙa waya da lambar buɗewa ka tafi sallah ka dawo, hotunan iyalinka, saƙonnin banki, komai yana hannun wanda ba ka san sunan mahaifinsa ba. Yawancinmu masu amana ne, amma a kowace kasuwa akwai ɓata-gari, kuma hotuna da yawa da suka fita suka kashe aure daga irin wannan teburin suka fita. 'Yar uwa, wannan ya fi shafar ki.

WA WANNAN JITA-JITAR TAKE CUTARWA?

Wani zai ce, "To ni me nake ɓoyewa?" Kana sa labule a ƙofar ɗakinka, ba don kana aikata laifi a ciki ba. Sutura hali ne na mutanen kirki.

Maganar "duka tarko ne" tana kashe gwiwa. Tana sa mutum ya ce tunda babu mafita, bari in saki komai. Wanda yake cutuwa shi ne ɗan jaridar da wani ma'aikaci yake son tura wa takardar yadda aka cinye kuɗin asibitin garinsu. Ita ce matar da tsohon mijinta yake bibiyar wayarta. Shi ne ɗan ƙauyen da yake son ba da labarin masu kai wa 'yan bindiga bayanai, yana tsoron sunansa ya fita. Waɗannan mutanen suna buƙatar a gaya musu wace ƙofa ce mai ƙarfi, wace ce ta kara. Idan ka tura musu saƙon da ya ce duka ɗaya ne, ka taimaki wanda suke tsoro. Da ni ne mai leƙen asiri, babu jita-jitar da zan fi so ta yaɗu kamar wannan.

Kai kuma mai neman mafakar damfara ko cin mutuncin mutane da asusun bogi, wannan rubutun ba naka ba ne. Waɗanda suka fi ka wayo da kuɗi su ne suka sayi ANOM.

ABIN DA ZA KA YI YAU

1. Kafin ka yarda da kowace manhajar sirri, yi mata tambaya huɗu. Waye mai ita? Da me take samun kuɗi? Cikinta a buɗe yake masana su duba? An taɓa kai ta kotu, me aka samu a wurinta?

2. Shiga jerin manhajojinka, goge duk VPN ɗin da ba ka san mai shi ba, da duk fayil ɗin burauzin kyauta.

3. Ajiye hirarrakinka masu muhimmanci, ka cire GB, FM, Yo da danginsu, ka sauke WhatsApp na asali daga Play Store. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Idan kana ajiye kwafin hira a Google Drive, kunna kulle kwafin a saiti, don ba a kunne yake zuwa ba.

4. Duba izinin da ka ba manhajoji. Tocila ba ta da hurumi da lambobin wayarka, kalkuleta ba ta buƙatar makirfo.

5. Idan Tor za ka yi amfani da shi, sauke shi daga shafinsu na asali ko Play Store, ka duba sunan Tor Project a matsayin mai shi. Sabunta shi duk lokacin da ya nema. Kar ka shiga asusun da ke da sunanka a ciki. Ka kuma sani kamfanin layinka zai iya ganin ka kunna Tor, abin da kake yi a ciki ne ba ya gani.

6. Maganar da ba ka so ta fita, kar ka yi ta a kira ko tes. Kuma ka tuna duk ƙarfin kulle, wanda ka tura wa zai iya ɗaukar sikirinshot.

7. Za ka kai gyara? Cire layi da memori. Canza sikirin ko bakin caji ba ya buƙatar ka bar lambar buɗewa. Idan za a gwada, ka buɗe da hannunka a gwada a gabanka. Mai gyaran kirki ba zai ji haushi ba.

Ka ci gaba da zargi, ɗan uwa, zargi a harkar waya lafiya ne. Amma ka yi shi da hujja, ka kuma fara da manhajar da ta zo maka a ɓoye, kyauta, ba suna ba adireshi. Nan gaba idan aka turo maka saƙon "goge kaza, tarko ne", tambayi mai turowar wace shekara aka kama ta, wa ya kama ta, a ina aka wallafa. Na Crypto AG da ANOM duk akwai amsa. Idan nasa babu, kar ka tura gaba.

Wanda yake da VPN a wayarsa kuma bai san asalinsa ba, ya rubuta sunan manhajar a ƙasa, za mu duba tare. Kar dai kowa ya ajiye lambar wayarsa a wurin. A tura wa 'yan uwa su ma su amfana. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira.